"Na goro ne, ban roƙi kowa ba": amsa ga mai awon shanshera

Assalamu alaikum Malam. Shekarata uku ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Kano. Ni nake karɓar shanshera a bakin sikeli: in duba ta, in auna danshinta, in rubuta takarda, sannan a biya dillali. Albashina naira 140,000. Wata 14 da suka wuce manajanmu ya kira ni ofis ya miƙo mini ambulan, ya ce, "Rabonka ne daga masu kawo kaya." Tun daga ranar, duk tirelar da ta shigo daga wasu manyan dillalai uku ina da dubu 40 a kanta. Abin da kawai nake yi, in na'ura ta nuna danshi 17 ko 18 cikin ɗari sai in rubuta 14, kuma motarsu ba ta bin layi.

Malam, ban taɓa roƙon kowa ba, su suke bayarwa don ransu, na goro ne. Kowa a wajen yana karɓa, tun daga mai gadi har akanta. Mai kamfanin kuwa ko a jikinsa, 'ya'yansa duk a waje suke karatu, mu kuma tun da aka cire tallafin mai sau ɗaya ya yi mana ƙari. Kuɗin nan ba sharholiya nake yi da su ba. Maganin ciwon sukarin mahaifiyata ne, da kuɗin makarantar ƙannena biyu, har sola na sa wa masallacin unguwarmu. In na ƙi karɓa kora ta za su yi, su kawo wanda ya fi ni ɓarna. To amma kwanakin baya maiɗakina ta tambaye ni inda kuɗin suke fitowa, na ce mata alawus ne. An kuma ce za a kawo odita daga waje bayan sallah. Barci ya ƙaurace mini. Don Allah Malam, ni ɓarawo ne?

Mai awo, daga Kano

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karo na biyu na ɗauki biro ina ƙirga hujjojinka, na samu biyar, kowacce ta sha guga. Amma duk cikinsu babu wadda ta kai nauyin 'yar maganar nan da ka soko a ƙarshe: ka ce wa matarka alawus ne. Da kyauta ce tsakani da Allah, da da murnarka za ka shiga gida ka ce, "Kin ga abin arzikin da Alhaji wane ya yi mini." Halal ba a sake mata suna a gaban iyali. A hadisin Nawwas ɗan Sam'an, wanda yara ke haddacewa a Arba'una, Manzon Allah (SAW) ya ce zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a rai, kuma ka ƙi mutane su gani. Saboda haka amsar tambayarka ka riga ni saninta. Abin da kake nema a wurina dattijo ne da zai buga maka hatimi ka samu barci. Hatimin nan ba zan buga ba.

Zagin ka ma ba zan yi ba, domin hujjojin nan biyar ba kai ka ƙaga su ba. A wajen aiki ka tarar da su, a cikin ambulan ɗin farko aka haɗo maka da su. Duk ma'aikatar da ake irin wannan ci tana da yarenta, kuma kafin a koya wa sabon shiga karɓa sai an koya masa yaren.

Dubi sunan da aka raɗa wa kuɗin. Mu Hausawa Allah Ya hore mana kalmomi a wannan fage: na goro, na shan ruwa, kuɗin mai, ihsani, hasafi, a ga yara. Kowacce kalma ce mai kyau da aka aro daga zumunci aka yafa wa abin da ba a son a kira da sunansa. Kuma tsohon ciwo ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da yake lissafa miyagun al'adun sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, ya ambaci abin da ake kai wa masu iko da sunan "gaisuwa". Wa zai ce gaisuwa laifi ce? Ai don haka aka zaɓi kalmar. Kada kuma ka ɗauka halinmu ne mu kaɗai. A 2008 kamfanin Siemens na Jamus ya biya tarar kusan dala biliyan 1.6 ga hukumomin Amurka da na Jamus saboda toshiyar da ya yi ta bayarwa don samun kwangila a ƙasashe da dama, har da Nijeriya. A cikin gida ma'aikatansa ba sa kiran kuɗin cin hanci. Suna da wata kalma mai ma'anar "kashe kuɗi a kan abu mai amfani". Kafin 1999 ma dokar ƙasarsu ta yarda kamfani ya cire irin waɗannan kuɗi daga lissafin haraji in dai a ƙasar waje aka ba da su. Manyan ma'aikata ne masu ilimi, sanye da kwat, kowa na komawa gida da yamma yana ganin kansa mutumin kirki. Nasu goron ke nan.

Gwajin da ke raba kyauta da toshiya an yi shi tun a Madina, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi kaifi ba. Manzon Allah (SAW) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce, wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan ubansa ko na uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. To auna kanka da wannan. Ranar da aka ɗauke ka daga bakin sikeli aka mai da kai sito kana ƙirga buhunan da babu komai a ciki, dillalan nan uku za su biyo ka da dubu 40? Ko lambar wayarka ba za su ajiye ba. Biron da ke hannunka suke biya. Kuma ka ce ba ka roƙa ba. Gaskiya ne, ba sai ka roƙa ba, an riga an yi ciniki a kanka kafin a kira ka ofis.

Yanzu mu zo inda na fi so ka tsaya, wato cewa babu wanda ake cuta. Ɗauko biro mu yi lissafi. Tirela mai tan 30, danshinta 18 cikin ɗari, kai ka rubuta 14. In aka busar da ita ta koma 14 na gaskiya, abin da zai rage tan 28.6 ne. Kusan tan ɗaya da rabi na ruwa aka saya da kuɗin shinkafa, a mota ɗaya. Kai ka fi ni sanin farashin tan a yau, buga ka gani, sannan ka ajiye dubu 40 ɗinka kusa da abin da ya fito. Za ka ga ɗan guntu aka gutsuro maka daga abin da sa hannunka ya jawo. Wannan kuma kafin a zo ga shansherar da aka jibge a sito da danshinta, ta yi zafi, ta canza launi, ta yi fumfuna. Ka san hadisin mai sayar da abinci da ya sa busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi ya cusa hannunsa ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ban taɓa ganin hadisin da ya faɗo daidai kan aikin mutum kamar wannan a kan naka ba.

Kuma wa ke ɗaukar asarar? Alhaji mai kamfanin ba daga aljihunsa zai cire ba. Zai duba littafi ya ga shinkafar da ke fitowa ba ta kai shansherar da ke shiga ba, sai ya ƙara kuɗin buhu, ya rage wa manoma farashi, ya ce wa ma'aikata babu halin ƙarin albashi bana. Ƙarin nan da kake kukan an hana ku, wani ɓangarensa a bakin sikelinka yake tsiyayewa. Sannan akwai mutumin da ba ka ambata ba ko sau ɗaya a wasiƙarka: ƙaramin manomi ko ɗan dillalin da ya yi hayar mota daga Kura ko Haɗeja, ya shanya kayansa yadda ya kamata, ya zo ya kwana biyu a layi yana biyan direba kuɗin jira, yana kallon motocin masu ambulan suna wuce shi. Shi ba shi da 'ya'ya a waje. Da shi za ku tsaya gobe.

Bari in faɗa maka wani abu game da kaina, kada ka ɗauka daga sama na faɗo. Ina saurayi na yi aikin awo a wani kamfanin sayen auduga. Ana gobe babbar sallah wani mai kawo mana kaya ya aiko mini da rago har gida. Na ce wa kaina ai sallah ce, mutumin kirki ne, mayar da kyauta wulaƙanci ne. Na yanka, muka soya, aka yi rabon maƙwabta. Da kaka ta zo ya kawo auduga da aka yayyafa wa ruwa. Na sa hannu na ji sanyinta, na ɗago muka haɗa ido, ya yi murmushi. Na karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma na yi askin nan kaka biyu kafin in iya zare jikina. Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu in na tuna, a duk tsawon lokacin ban fasa sahun farko ba, kuma ko sau ɗaya kalmar "hanci" ba ta zo mini a rai ba.

Wannan shi ya sa manajanku ya ba ka ambulan. Ba tausayin albashinka ya ji ba. Ma'aikaci ɗaya mai tsabta a bakin sikeli barazana ce ga kowa, don haka dole a sa masa hannu a akushi. Da ka karɓa, bakinka ya rufu, kuma ka zama hujjar na bayanka: gobe in sabon yaro ya yi tantama, da kai za a yi masa misali, a ce ga wane ma mai sallah yana karɓa. "Kowa yana yi" haka ake gina ta, mutum ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon na kusa da shi yana samun natsuwa.

Akwai wani masanin laifuffuka a Amurka, Donald Cressey, da ya bi gidajen yari yana hira da mutanen da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗin da aka ba su riƙo, ya fitar da bincikensa a 1953. Ya ga abu uku ke haɗuwa: matsalar kuɗi da mutum yake jin ba zai iya gaya wa kowa ba, da damar taɓa kuɗin, da kuma maganar da zai gaya wa kansa. Abin lura a bincikensa, maganar nan tana zuwa ne tun kafin a taɓa kuɗin, ita ce mabuɗin ƙofar. Da yawansu cewa suka yi aro ne, za su mayar. Haka Nick Leeson, ɗan Ingilan da ya durƙusar da bankin Barings daga ofishinsa na Singafo. A cewarsa, ya fara ne da ɓoye kuskuren fam dubu 20 da wata ƙaramar ma'aikaciya ta yi, don ya rufa mata asiri. Rufin asiri fa, abin yabo. Zuwa farkon 1995 ramin ya kai fam miliyan 827, banki mai shekara 233 ya rushe, aka sayar da shi fam ɗaya. Kai ma bana 18 kake mayarwa 14. Ranar da aka kawo mai danshi 21 da yashi a gindin buhu, da wane baki za ka ce a'a?

Game da Alhaji, ban musa maka ba. Naira 140,000 ga magidanci a Kano, bayan abin da ya faru da farashi tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, ba ta kai ko'ina, kuma mai kamfanin da ya ɗora amanar miliyoyi a hannun yaro yana biyansa haka shi ma ya yi sakaci. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sai dai warin daddawa bai taɓa wanke ɓera a gaban alƙali ba. In haƙƙinka yake ci, akwai hanyar nemansa: ku haɗu ku rubuta masa, ku nemi zama, ko ka nemi wani aikin. Abin da kake yi yanzu, kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ka yanke wa kanka diyya, kuma kana karɓarta daga hannun waɗanda ke cutarsa. Ko shekara guda ba a yi ba za ka ga diyyar ta wuce duk ƙarin da kake ganin ka cancanta, ba ka kuma tsaya ba.

Zancen cewa za a kawo wanda ya fi ka ɓarna, tambaya ɗaya zan yi maka: cikin wata 14, mota nawa ka mayar? In babu, to wace ɓarnar ka tare?

Hujjar Hajiya mahaifiyarka ita ce mai wuya, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Ciwon sukari ba ya jiran albashi, wanda kuma bai taɓa tsayawa a kemis yana lissafin ko ya sayi rabin magani ba kada ya yi maka wa'azi da ƙarfi. Amma ka lura da yadda rai ke aiki: ya ɗauko abin da ya fi komai tsarki a wurinka ya kafa shi a bakin ƙofar laifin, don duk wanda zai taɓa laifin sai ya fara taka mahaifiyarka. Yi lissafi na gaskiya. Nawa maganinta yake ci a wata, nawa kuma kake karɓa? Ina kyautata zaton ratar da ke tsakani za ta ba ka kunya, domin irin wannan kuɗi yakan shiga waya sabuwa, da ɗinkin sallah, da hidimar bikin da a da sai ka ba da haƙuri. Kuma ita Hajiyar, da za ka zaunar da ita ka faɗa mata asalinsa, me kake jin za ta ce? Solar masallaci kuwa, bar ta tana haska masu sallah, amma kada ka sa ta a lissafinka. Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Kyautar da ake yi da irin wannan kuɗi yawanci kuɗin barci ne mutum yake biyan kansa, kuma ga shi kai ko barcin ba ta saya maka ba.

To me za ka yi?

Daga motar gaba, abin da na'ura ta nuna shi za ka rubuta. Ka riƙa ɗaukar hoton lambar da wayarka tare da lambar motar, ka kuma buɗe ɗan littafinka na kanka. Ambulan in an kawo ka ce a bar shi. Ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba, domin wanda jiya yake ci tare da su in ya wayi gari yana jan aya, gaba kawai zai saya. Zuwan odita ma garkuwa ce a gare ka. Ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, ni dai na tsorata, sunana ne a takardun nan." Ba ƙarya ka yi ba. Hasali ma wannan ita ce gaskiyar da ya kamata ta tashe ka tun tuni: ambulan ba shi da sa hannu, manaja bai rubuta komai ba, dillalai za su ce ba su san zancen ba. Takardar da ke cewa 14 kuwa sunanka ne a ƙasanta, ɗaya bayan ɗaya, wata 14. Cin amanar ma'aikaci ga ubangidansa laifi ne da dokar final kod, wato kundin hukunta laifuffuka, ta tanadar wa ɗauri, kuma in rana ta ɓaci na ƙasa ake fara miƙawa.

Kada ka taɓa tsofaffin takardu, kada ka gyara, kada ka ɓatar, ko da manaja ne ya ce a yi. Wannan sabon laifi ne, kuma ya fi na farko saurin kai mutum kurkuku. Kafin ka rubuta wa kowa wata takardar amsa laifi, ko ka je wurin mai kamfanin, ga lauya tukuna. In odita ya tambaye ka, kada ka yi masa ƙarya.

Za su iya matsa maka, har su kore ka. Ba zan ce maka ba zai faru ba. Don haka tun yanzu fara cigiyar aiki, ko ka nemi a mai da kai wani sashen. Mai ido a kan shanshera, wanda zai damƙa ya san danshinta kafin na'ura ta faɗa, ba ya rasa mai nemansa a Kano.

Sai batun mayarwa, wanda shi ne mutane ke tsallakewa su ce sun tuba. Zauna ka ƙirga motocin, ka fitar da jimla a rubuce, kada ka yi kintace, domin kintace kullum ragewa yake yi. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ba wanda zai ce maka yi sadaka da wani abu shi ke nan ba, ku duba wa ya kamata a mayar wa, da yadda za a yi a hankali ba tare da ka tona wa kanka asiri fiye da kima ba. Ko dubu biyar-biyar ne a wata, fara. Maganin Hajiya kuma ka daina ɗaukarsa kai kaɗai a ɓoye. Tara 'yan'uwa, dangin uwa da na uba, a faɗi adadin a raba, ka kuma je ka tambayi tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko za a iya sa ta. Nauyin da ka ƙi bari kowa ya sani shi ya fara tura ka ofishin manaja.

Amma kafin duk wannan akwai maiɗakinka. Tambayar da ta yi maka ba ta banza ba ce, mata sun san albashin mazajensu, ta ga abin da bai yi daidai ba ne. Yau da dare, in yara sun yi barci, ka faɗa mata lambar da na'ura ke nunawa da wadda kake rubutawa, ka faɗa mata sunan kuɗin na gaskiya, sannan ka sanar da ita cewa daga watan gobe cefane zai ragu, ku zauna ku ga abin da za a cire. Ka sake rubuto mini bayan odita ya tafi.